Tsagen Ɗan Gulbi

Tsibiri, ranar Litinin

Zuwa ga Malama Zuliha, matar marigayi Chaibu, Sabon Gari, Maraɗi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki, ya damina, ya haƙurin rashi. Na san za ki juya takardar nan ki duba ko wane ne, domin rabonki da rubutuna shekara ashirin da biyar ke nan. Jibo ne, Jibo mai zane na Tsibiri, abokin mijinki na da. Ki yi haƙuri da manyan haruffa. Idona ya tafi, da ƙaton alƙalami nake rubutu yanzu kamar mai rubuta allon shago.

Ba zumunci ya sa na rubuto ba, gara in faɗa miki tun da wuri. Shekaranjiya ina zaune bakin kasuwa wani ɗan kabu-kabu ya tsaya gabana sanye da baƙar riga mai hoto a ƙirji. Na ce ya matso. Ya matso har ina jin warin fetur a jikinsa, sannan na gane abin da nake kallo: mutum tsaye cikin ruwa har ƙugu, ga gorar fito a hammata, ga igiya a kafaɗa. Ɗan Gulbi ne. Nawa, wanda hannuna ya zana, Chaibu ya sa masa magana a baki, muka riƙa buga littattafansa da injin roniyo na lekol ɗinku, wato makarantarku, muna sayar wa 'yan makaranta. Yaron ya ce a butik, wato shagon Bilal ɗanki, ya saya, wai har da huluna da kofuna da abin rataya makulli.

Malama, ba na neman komai daga cinikin Bilal, Allah ya sa albarka. Abin da ya hana ni cin tuwo ran nan shi ne fuskar. Kuncin mutumin sumul yake kamar na jariri. Ina tsagensa? Kin sani, Chaibu ya sani, Ɗan Gulbi ba ƙirƙira ba ne daga wuya zuwa sama. Fuskar yayana Tanimu ce, wanda Gulbi ya ci ba a ga gawarsa ba, wanda bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Bagobiri ne ɗan Bagobiri, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Ku Katsinawan Maraɗi kuna iya cewa kaza ce ta yi tono a fuskarmu, mun saba, amma ba mu ba kowa izinin sharewa ba.

Buƙatata ɗaya ce. Zanen farko, wanda na yi a farin kwali da tawadar Sin, yana cikin akwatin ƙarfen Chaibu. Shi nake so a maido mini. Ramatu ɗiyar Tanimu, da ke aure a Jiratawa, ta fara tambayata kamannin ubanta, ni kuwa ba ni da abin nuna mata. Ki ba Maman Lawali mai kabu-kabu, shi ya kawo miki wannan, amintacce ne.

Ki gaida gida. Allah ya jiƙan wanda ya rasu.

Jibo

Sabon Gari, Maraɗi, ranar Laraba

Zuwa ga Malam Jibo.

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, lafiyarmu lau, ina fatan kai ma haka. Allah ya sawwaƙe ciwon ido. Gaisuwar rashi kuwa na karɓa, ko da yake ta yi shekara uku a hanya tsakanin Tsibiri da Maraɗi.

Ban juya takardar ba. Na koyar da yara shekara talatin, ba na manta hannun mutum. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda ka rubuta “a maido mini” kamar wanda aka yi wa sata. Tun da idonka ne ya tafi ba tunaninka ba, bari in tuna maka. Shekarar da masu wa'azi suka sako ka gaba a kan zanen mai rai, kai da hannunka ka tara duk abin da ka zana a tsakar gidanku ka kyasta ashana. Washegari ka zo gidan nan ka tsaya a zaure kana ihu a ba ka na farkon shi ma ka ƙona. Ina bayan ƙyaure ina ji, Bilal yana goye a bayana. Chaibu ya ce maka: “Jibo, wanga ba zane ba ne, Tanimu ne. Ba ni ba ka shi ka kashe shi karo na biyu.” Kai kuma ka kira shi da sunan da ba zan rubuta ba, ka fita, ba ka sake taka ƙofarmu ba har aka fitar da shi a makara.

To wa ya riƙe maka Tanimu? Wanda ka zaga. Kowace shekara in damina ta wuce sai ya buɗe akwatin, ya fito da kwalin ya shanya a inuwa don kada laima ta ci shi, ya mayar. Ina yi masa tsiya, in ce ko ni ba ya kula da ni haka. Sai ya ce ranar da Jibo ya dawo hayyacinsa zai zo ya karɓa.

Game da Bilal, kada ka ɗauke shi ɓarawo. Bayan rasuwar babansa ya buɗe akwatin ya tarar da littattafanku, shuɗiyar tawadar roniyo duk ta koɗe, fuskoki sun zama tabo, kwalin kaɗai ya rage da kyansa. Yaron ya zauna ya karanta abin da ke karantuwa yana dariya yana share hawaye. Shi ya ce bai kamata garin nan ya manta da jarumin da ya haifa ba, alhali yaranmu na yawo da hotunan jaruman wasu ƙasashe a ƙirji. Kuma ka zo ka ga manyan alhazai masu furfura suna tsayawa a butik suna cewa a aji biyar suka karanta yadda Ɗan Gulbi ya ɗaure kada da igiyar guga. Wannan ba abin kunya ba ne.

Maganar tsage ban lura ba, gaskiya, sai da ka faɗa. Kwalin yana hannun Bilal. Na ce ya rubuto maka da kansa, tunda ka ƙi riƙe waya kamar sauran mutane. Don Ramatu zan sa a kawo, ba don kai ba.

Ka huta lafiya.

Zuliha

Maraɗi, ranar Asabar

Zuwa ga Baba Jibo, tare da girmamawa.

Assalamu alaikum Baba. Ina gaishe ka da kyau, ya jiki, ya gona, ya mutanen Tsibiri. Ni ne Bilal Chaibu. Inna ta nuna mini takardarka, kuma wallahi na ji daɗi da na san kana nan da ranka, don na daɗe ina son in zo in durƙusa in gaishe ka, harkoki ne suka yi yawa.

Baba, maganar fuska ba da gangan aka fara ta ba. Mai ordinatar ɗina, wato mai yi mini aikin kwamfuta, ya ɗauki hoton zanen ya aika wa kamfanin da ke buga mana kaya a ƙasar waje. Mutanen can ba su san tsage ba. Da suka ga layuka a kunci sai suka ɗauka ƙarzuwar tsohuwar takarda ce, suka goge, har suka rubuto cewa sun gyara mana kyauta. Da samfurin ya iso na yi niyyar mayarwa. Amma na nuna wa abokaina, kowa ya ce haka ya fi. Baba, ka san zamani. Yara yanzu ba a yi musu tsage, wasu ma kunyarsa suke ji. Kayanmu suna zuwa Yamai da Damagaram da Kano. In an bar tsagen, Ɗan Gulbi na Gobirawa ne kawai. In babu, na kowa ne. Ina ganin kai ma burinka ke nan lokacin da ka zana shi.

Ga albishir. Ranar Lahadi ta sama za mu yi ɗan biki a butik, za mu fito da riguna na musamman masu lamba, daga ɗaya zuwa ɗari uku, ba za a sake buga irinsu ba. Masu tara irin waɗannan kaya sun fi son wadda mai zanen ya sa wa hannu. Zan aiko mota ta ɗauko ka, ka zauna a kujera mai kyau, ka sa hannu, a ɗauke ka hoto, gari ya san kai ne. Lamba ɗaya taka ce, lamba biyu ta Anti Ramatu. Tuni na sa sunanka da na mahaifina a wuyan kowace riga.

Zancen kwali kuma, in ka zo sai mu zauna mu yi magana a natse.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ɗanka, Bilal

Tsibiri, ranar Talata

Zuwa ga Bilal.

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, gero ya fara fitar da kai, mun gode Allah. Takardarka ta iso, sai da na kai ta bakin hanci kafin in karanta, saboda rubutunka ƙanana ne kamar na likita.

Ka iya magana, ɗan Chaibu. Na tambayi kwali ka ba ni mota da kujera. To ka saurara in gaya maka wanda ka mayar na kowa.

Tanimu mai fito ne. In Gulbi ya kawo ruwa, shi ke ƙetarar da mutane da gora, mata da kayansu a ka, shi yana iyo yana turawa. Ranar da ya tafi, gaɓa ce ta zabtare da mutane huɗu masu dawowa daga gona. Ya shiga ya fito da ɗaya, ya koma ya fito da na biyu, ya koma ya fito da na uku. Ina tsaye a bakin ruwa riƙe da rigarsa. Da ya koma na huɗu, sai gorar ta taso ita kaɗai. Kwana uku muna bin gaɓa har kusan iyaka, ba mu samu ko takalminsa ba. Ba kabari, ba hoto. Matarsa na da cikin Ramatu wata biyar.

Ranar sadakar bakwai na lura fuskarsa ta fara gudu daga kaina. Na tsorata. Na samu kwali na zauna bayan rumbu na zana shi kafin ya ƙarasa tafiya. Abin da na fara sawa shi ne tsaga ta uku a kuncin hagu. Ta karkace, ta yi ƙasa kamar ƙugiya, domin ranar da wanzami ke yi masa ya yi atishawa, askar ta goce. Innarmu ta ce da wannan tsagar za ta gane ɗanta ko cikin mutum dubu. Da ta ga kwalin, a kanta ta ɗora yatsa, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da ruwa ya ci shi. Wannan ce ƙarzuwar da mutanenka suka gyara maka kyauta.

Innarka ta faɗi gaskiya, ni na ƙona sauran. Na ji tsoron Allah ta hanyar da ta fi sauƙi, na zagi mutumin da ya fi ni hankali, kuma girman kai ya hana ni komawa har ƙasa ta rufe shi. Wannan nawa ne, ina ɗauke da shi, ba sai ka taya ni ba.

Amma ga abin da ba ka sani ba. Ramatu ta riga ka. Jiya ta zo daga Jiratawa da rigarka a leda, da kanta ta saya, ba ta jira lamba biyu ba. Kafin uwarta ta rasu ta gaya mata mutumin cikin littafin nan ubanta ne. Ta shimfiɗa rigar a cinyata ta ce: “Baba, wanga shi ne? Don na ga ba shi da irin naku a fuska.” Mace mai 'ya'ya huɗu, tana tambaya kamar yarinya. Na ce mata ta ba ni mako guda, zan nuna mata na gaskiya.

Ba zan zo biki ba, ba zan sa hannu a fuskar da ban sani ba. Ka sayar da rigunanka yadda ka ga dama. Kwalin kawai, Bilal. Ka sa shi tsakanin katako biyu ka ba Maman Lawali. In akwai dalilin da ya sa kake kewaye-kewaye, ka faɗe shi.

Ka gaida innarka.

Jibo

Sabon Gari, Maraɗi, ranar Alhamis

Zuwa ga Malam Jibo.

Assalamu alaikum. Ina fatan ka tashi lafiya. Bilal ya kasa rubuto maka, ya kawo mini takardarka ya ajiye ya fita. Ni zan faɗa, tunda ni na ba shi makullin akwatin.

Na karanta abin da ka rubuta a kan tsaga ta uku, sai na sa hijabi na tafi butik da ƙafata. Rabona da wurin wata biyu. Kwalin na nan a bango cikin gilashi, an sa masa fitila a sama. Na matsa. Malam Jibo, kuncin fari fat.

Ga yadda aka yi. Da ya rataye shi don masu saye su ga asali, sai suka fara tambaya: me ya sa na bango yana da tsage, na riga ba shi da shi? Wani ya ce ashe rigunan jabu ne. Maganar ta fara yawo a waya. Kaya sun riga sun iso katan-katan. Maimakon ya sauke kwalin ya mayar akwati, sai ya sa mai ordinatar ya bi layukan da bilanko, farin ruwan nan da sakatarori ke shafe kuskure da shi. Wai don asali ya yi daidai da kwafi. Ɗana ne, ni na haife shi, ni na koya masa karatu, kuma da ya faɗi haka ban san sanda na ɗaga hannu ba, a gaban yaran shagonsa.

Na tafi wurin mai ordinatar na tsaya a kansa ya bincika hoton farko da ya ɗauka. Ya buɗe ko'ina. Ya ce da gyararren ya iso sai ya ɗora shi a kan tsohon ya shafe shi, tunda ba a buƙatarsa. Kamfanin can ma sun ce ba sa ajiye abin da suka riga suka gyara.

Saura nawa laifin. Na kawo kwalin gida, na ce bilanko ai ɓawo ne, in an kankare a hankali tawada na ƙasa. Na ɗauki reza. Kwali mai shekara talatin da biyar ba ya jure reza. Farin ya tashi, tawadar ta bi shi, takardar ma ta bi su. Na fara da kuncin hagu saboda ita nake nema. Da na ga abin da nake yi na tsaya, amma na riga na huda. Na dama kuwa na bar shi da farinsa, tsoro ya hana ni taɓawa.

Na zauna na rufe ido ko zan tuna yadda take, in kwatanta maka. Shekara nawa ina ganin kwalin nan a inuwar gidana, ban taɓa ƙirga layukan ba, ban san akwai wadda ta karkace ba. Chaibu ya sani. Yakan ɗora yatsa a wani wuri kafin ya mayar, na ɗauka ƙura yake sharewa.

Na yi maka gori a takardata ta farko, kuma ban janye ba, don abin da na faɗa haka yake. Amma shi ya riƙe maka amana shekara ashirin da biyu, mu kuma muka kasa riƙe ta shekara uku. Ga kwalin nan tsakanin katako biyu kamar yadda ka ce. Ban san me za ka gaya wa Ramatu ba. Ba na roƙon ka yafe wa Bilal yanzu.

Allah ya ba mu haƙuri gaba ɗaya.

Zuliha

Tsibiri, ranar Litinin

Zuwa ga Malama Zuliha.

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, na gode da kika faɗa mini da bakinki.

Ramatu ta zo jiya da hantsi. Na miƙa mata kwalin, ta daɗe tana kallo. Sai na kama hannunta na ɗora a kuncina na hagu, na ce ta ƙirga daga sama, in ta kai ta uku ta lanƙwasa yatsa ƙasa, nan ubanta yake. Ta yi. Ta ce in zana mata a wata takarda. Na ɗauki alƙalami, na kasa ganin bakinsa, kuma da na rufe ido ban ga Tanimu ba, wancan mai sumul ɗin nake gani.

Da za ta tafi ta ajiye kwalin a tabarma, ta naɗe rigar Bilal ta mayar a leda. Ta ce: “Baba, ka yi haƙuri. Wanga ko ba shi ba ne, yana da fuska. Shi zan nuna ma yara.”

Ga kwalin nan na maido. Ki sa shi a akwatin Chaibu ki kulle. A cikinmu duka shi kaɗai ya iya ajiya.

Ki gaida gida.

Jibo